Kafin a sayi na'urar buga faifan DVD: abin da ke sa faifai ya ƙi yi a gida

Yawancin laftof na yanzu ba sa zuwa da wurin saka faifai. Amma har gobe akwai gidajen da bidiyon biki ko na walimar sauka ba ya isa ga iyaye da kakanni sai an ɗora shi a faifai, an saka a na'urar DVD da ke falo. A nan matsalar take fitowa: faifan ya yi lafiya lau a kwamfuta, an kai shi gida, talabijin ta rubuta No Disc, ko hoton ya riƙa tsayawa a daidai wurin da ake son gani. Sai a ɗora wa na'urar bugawa laifi, alhali sau da yawa laifin nata kaɗan ne.

Abu na farko da mai saye zai duba shi ne rubutun da ke jikin na'urar. Wadda aka rubuta wa DVD-ROM karatu kawai take yi, ba ta buga komai. Wadda ake kira Combo tana karanta DVD, amma CD kaɗai take bugawa, kuma irinta ce ke yaudarar masu sayen na hannu. Wadda ake nema ita ce mai ɗauke da DVD±RW ko Super Multi. LG, ASUS da Lite-On na cikin kamfanonin da aka sani da wannan kaya.

Mai babbar kwamfuta ta tebur gara ya ɗauki ta ciki, mai haɗuwa da igiyar SATA: ta fi ƙarfi, kuma ta fi jure aiki idan faifai ashirin ko talatin za a buga a rana. Mai laftof kuwa sai siririya ta waje mai USB, wadda gudunta yawanci 8x ne. Rauninta wuta. Ramin USB 2.0 miliamfa 500 yake bayarwa, na 3.0 kuma 900, shi ya sa wasu ke zuwa da igiya mai kai biyu. A jona duka biyun kai tsaye a jikin laftof, kada a bi ta ƙaramin akwatin rarraba USB.

Sai batun alamar ragi da ta tarawa, wanda mutane da yawa ke ɗauka ado ne. Kamfanin Pioneer ne ya fito da DVD-R a 1997, DVD+R kuma bai zo ba sai 2002, daga ƙawancen da ya haɗa da Philips da Sony. Saboda ya riga shi fitowa, tsofaffin na'urorin kallo sun fi sanin DVD-R. Idan ba a san wace iri ce a gidan da za a kai faifan ba, shi ya fi aminci.

Sai dai DVD+R yana da wata dabara da ɗan'uwansa ba shi da ita. Kowane faifai na ɗauke da 'yar shaida da ke gaya wa na'ura ko shi wane iri ne, ana kiranta Book Type. Wasu tsofaffin na'urori da sun ga shaidar da ba su sani ba sai su ƙi faifan, ko da za su iya karanta shi. Na'urar bugawa mai kyau tana iya rubuta wa DVD+R shaidar DVD-ROM, wato ya shiga da rigar faifan kamfani, na'urar falo ta karɓe shi ba gardama. A DVD-R wannan ba ya yiwuwa, domin tun daga masana'anta aka kafe tasa shaidar. Manhajar ImgBurn, wadda kyauta ce, tana da wurin canza wannan ga na'urorin da suka yarda. Wannan ya fi yawan gudu muhimmanci nesa ba kusa ba, duk da cewa ba kasafai ake rubuta shi a kwali ba.

Gudun ma gara a rage shi. Na'urar da aka rubuta wa 24x ba dole ba ne a sake mata linzami. A 4x cikakken faifai mai gigabait 4.7 yana ɗaukar kusan minti 15, a 8x kuma bai kai minti goma ba, kuma bugun kan fi fita tsaf, musamman idan faifan mai araha ne. Faifan da ba a san asalinsa ba shi ne babban mai ɓata aiki. Verbatim ya daɗe da yin suna, amma shi ma ana yin jabunsa. Mai hawa biyu, wanda ke cin gigabait 8.5, ya fi tsada kuma ya fi ba tsofaffin na'urori wahala, don haka raba dogon bidiyo gida biyu ya fi sauƙi.

Akwai kuma kuskuren da babu na'urar da za ta gyara shi. Waya tana ɗaukar bidiyo ne a MP4. Wanda ya kwashi wannan fayil ya zuba a faifai kai tsaye, faifan ajiya ya yi, kwamfuta za ta buɗe, amma na'urar falo da yawa ba za su gane shi ba. Abin da suke nema shi ne folda mai suna VIDEO_TS, da bidiyon da aka mayar MPEG-2. Manhajoji irin su DVDStyler da DVD Flick suna yin wannan juyin kyauta. Idan sun tambayi tsari, PAL za a zaɓa don Najeriya da Nijar, ba NTSC na Amurka ba. A kuma tabbatar an rufe faifan a ƙarshe, domin wanda aka bari a buɗe don ƙara kaya daga baya, kwamfuta ce kawai ke jin daɗinsa.

Ɗauke wuta a tsakiyar bugu kuwa ya kashe faifan ke nan, DVD-R da DVD+R ba a goge su. A cika batirin laftof tukuna, mai ta tebur kuma ya nemi UPS. Lokacin hunturu ƙura na zama a kan idon na'urar, don haka a rufe ta a jaka idan an gama.

Wanda zai sayi ta hannu ya je kasuwa da sabon faifai guda da ɗan bidiyo a filashi. A buga a gabansa, a kunna zaɓin Verify don manhaja ta gwada abin da aka rubuta da na asali, sannan a saka faifan a na'urar DVD ta wani shago kafin ya miƙa kuɗi.