Baki Ƙofar Jiki: Haɗa Kulawar Haƙori da Ciwon Sukari

Tun da daɗewa al'adar ma'aikatun lafiya ita ce a ware likitan haƙori a sashensa, a bar masu jinyar ciwon sukari da hawan jini a nasu, alhali kuwa hikimar Ubangiji ta sa jikin ɗan Adam abu ɗaya ne, wanda idan wata gaɓa ta kamu, sauran sukan ji a jikinsu.

Likitoci sun tabbatar da cewa mai ciwon sukari ya fi saurin kamuwa da ciwon dasashi, domin yawan sukari a jini yana raunana garkuwar jiki da jinkirta warkewar rauni. Shi kuma kumburin dasashin, idan ya daɗe, yakan wahalar da daidaita sukarin. Bugu da ƙari, cututtukan biyu sun yi tarayya a wasu abubuwan da ke ƙara haɗarin kamuwa da su: yawan zaƙi, taba da barasa.

Saboda haka ne a shekarar 2021 babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya zartar da ƙudurin shigar da lafiyar baki cikin yaƙi da cututtukan da ba sa yaɗuwa, rahotonta na 2022 kuma ya nuna kimanin mutum biliyan 3.5 ne ke fama da cututtukan baki.

Manufar haɗa kulawar ita ce a duba bakin mai sukari duk ranar da ya zo awo, a kuma auna jinin mai ciwon dasashi. Kai kuwa mai karatu, riƙe sunnar asuwaki, kada ka raina jinin da ka gani bayan goge baki.