Hazon Safiya A Minna

Da an gama girbi ruwa ya ɗauke, hutun ƙarshen shekara ya matso, nakan ajiye babur in taka Minna da ƙafa. Daga Limawa in gangara Kwangila, in tsallaka layin dogo, wani lokaci har Kasuwar Gwari, inda sabuwar doya take jibge, matan Gbagyi suna shigowa da kaya a kafaɗa kamar yadda suka gada. A wannan tafiya ne na fara lura da cewa duwatsun da ke kewaye da gari, waɗanda ake gani tangaran da damina, sukan ɓace da sassafe.

Kowa zai ce maka hunturu ne. Gaskiya ne, amma rabinta. Yawancin ƙurar hunturu daga arewacin Chadi take tasowa, daga kwarin Bodele, busasshen gindin wani tsohon tabki. Iskar arewa maso gabas takan matse tsakanin duwatsun Tibesti da Ennedi, ta fito da ƙarfi, ta kwashi farar ƙasa mai laushin gari ta watso ta kudu. Wata ma har ta haye teku ta sauka a dajin Amazon. Wannan iska ce ke tsattsage leɓe da kaushin ƙafa, kuma ba mu da yadda za mu yi da ita.

Ɗaya rabin namu ne, kuma hanci ke gane shi kafin ido. Ka bi lungunan Kpakungu ko Tunga bayan asuba, za ka ji ƙaurin leda da aka cinna wa wuta a bola tun dare. Sama ba gajimare a wannan lokaci, don haka ƙasa takan saki zafinta da daddare ta yi sanyi, iska mai sanyi ta kwanta a ƙasa, mai ɗumi ta rufe ta kamar faifai a bakin tukunya. Hayaƙi ba ya samun hanyar tashi sai rana ta ɗaga. A daidai wannan sa'a ce yara ke fita ɗiban ruwa, tsofaffi ke dawowa daga masallaci, mai koko ke kafa teburinta.

Wannan ne ke damuna, domin mai asma da jariri su ke fara biyan kuɗin sharar da ba a zo an kwashe ba. Ni dai yanzu sai hantsi nake fita, in na ga kan dutsen Paida ya bayyana.