Kafin a Sauke Lodi, a Tambayi Inda Yashin Ya Fito

A zangunanmu na Gana, idan kwamiti ya tashi gina aji ko masallaci, tambaya ɗaya ake yi wa mai tifa: "Nawa ne lodi?" Ba mai tambayar inda ya ɗebo yashin.

To, araha ba ta ado. Yashin da ake kwasa a bakin teku, kamar wajejen Elmina da Cape Coast, gishiri ne a jikinsa. Gishirin kan ratsa kankare ya sa rodi tsatsa, rodin ya kumbura, ginshiƙi ya tsage. Can bakin tekun kuma, duk inda aka kwashe yashi, sai ruwa ya ƙara matsowa gidajen masunta.

Haka batun katako. Tun 1998 doka ta hana sayar da katakon da aka tsaga a daji da injin sarƙa, amma har gobe ya cika kasuwa saboda sauƙin kuɗi.

Dokar sayayyar gwamnati ta 2003, wadda aka gyara a 2016, ta ce a lura da muhalli da lafiyar al'umma wajen sayen kaya. Amma ginin da muke yi da kuɗin karo-karo fa, wa zai lura in ba mu ba?

Ni da nake wuni da yara ƙarƙashin rufin aji, roƙona ga kwamitocinmu shi ne: ku nemi ganin lasisin mai haƙar yashi, ku sayi katako daga masana'anta mai rajista, ku rubuta wannan sharaɗi cikin yarjejeniyarku da ɗan kwangila. 'Yan sidin da za a ƙara ba su kai kuɗin gyaran gini ba, balle ran yaro.