Wani Sashe A Landan Da Bashin Da Ƙasar Hausa Ke Binsa

A unguwar Bulumsbari, tsakiyar birnin Landan, akwai wani sashe na Kwalejin Jami'a ta Landan inda ake koyar da ilmin nazarin ɗan Adam da al'adunsa. Baƙon da ya ratsa ta ƙofarsa ba zai zaci yana da wata dangantaka da Zazzau ko Sakkwato ba. Amma kuwa da yawa daga cikin abin da Turawa suka sani game da zaman Hausawa, ta hannun malaman wannan sashe ya isa gare su.

Farfesa Daryll Forde ne ya kafa sashen cikin 1945. Shi kansa ba baƙon Nijeriya ba ne, domin ya yi bincike a garin Ugep, wanda ke Jihar Kuros Riba a yau, cikin 1935 da 1939. Tsarin da ya aza shi ne a haɗa fannoni uku wuri guda, watau nazarin halittar jikin mutum, da nazarin zaman jama'a, da nazarin kayan da mutane ke ƙerawa suna amfani da su. Saboda haka mai auna ƙasusuwa da mai binciken al'adun aure inuwa guda suke sha. Har wa yau akwai zauren da aka sa wa sunan Forde, inda malamai da ɗalibai kan taru, wanda ya komo daga bincike ya karanta abin da ya samo, sauran su yi ta yi masa tambayoyi ba sani ba sabo.

Cikin ɗaliban farko akwai M. G. Smith, mutumin Jamaika, wanda aka tura Lardin Zariya cikin 1949 tare da matarsa Mary. Shi dai maza kaɗai yake iya gani, gama cikin gida ba shi shiguwa ga baƙo. Mary kuwa ta ji Hausa, ta shiga cikin mata, har ta ƙulla zumunci da wata tsohuwa da ake kira Baba, haifaffiyar Karo ta ƙasar Kano. A garin Giwa, daga ƙarshen 1949 zuwa farkon 1950, Baba ta yi ta ba da labarin rayuwarta, Mary tana rubutawa da Hausa: harin masu kamun bayi, da zuwan Nasara, da aurenta huɗu, da ƙawance, da bori. Baba ta rasu cikin 1951, ba ta ga littafin ba. Ya fito da Turanci cikin 1954 da sunan Baba of Karo, ya kuwa zama abin karatu a jami'o'in duniya.

Shi ma mijin bai zauna ba. Ya wallafa Government in Zazzau cikin 1960, da The Affairs of Daura cikin 1978, sa'an nan littafinsa kan sarautar Kano ya fito cikin 1997, shekara 4 bayan rasuwarsa. Shi ne ya gaji Forde a shugabancin sashen cikin 1969.

Bayansa sai Murray Last, wanda ya zauna a Sakkwato yana ɗaukar karatu wajen Waziri Junaidu, yana duba littattafan Larabci na gidan. Da wannan aiki ya sami digirin dakta a Jami'ar Ibadan cikin 1964, littafinsa The Sokoto Caliphate ya biyo baya cikin 1967. Daga bisani ya zauna cikin Maguzawan ƙasar Malumfashi yana nazarin cuta da magani, ya koyar a Jami'ar Bayero ta Kano, kana ya shafe shekaru yana koyarwa a wannan sashe na Landan.

To, a nan ne gizo ke saƙa. Duk wannan ilmi daga bakin Hausawa aka ɗebe shi, a zaurukansu da ɗakunansu. Amma da Turanci aka buga shi, a ƙasashen da masu shi ba su taɓa takawa ba. Maganar Baba, yadda ta faɗe ta da Hausa, sai bayan shekara fiye da 30 aka buga ta. Littafin Last kuwa ya yi shekara wajen 40 kafin ya fito da sunan Daular Sakkwato. Littattafan Smith, masu ƙunshe da jerin sarautu da yadda ake naɗa su, ba kasafai ake samunsu a kantunan Zariya ko Daura ba.

Ba za a ɗora laifin duka a kan baƙi ba, domin da ba su rubuta ba, da labarin Baba ya bi ta kabari. Sauran aiki yana wuyan jami'o'in Nijeriya da kamfanonin ɗab'i da masarautun da aka rubuta tarihinsu: a fassara, a buga da araha, a kai makarantu. Tsofaffi irin Baba suna nan a kowane ƙauye, kuma ba za su jira a zo daga Landan ba.