Daga Paris zuwa Ƙonni: Me ya sa tafiyar awa biyar da rabi ke cin kwana biyu?

Duk ɗan Ƙonni, Malbaza ko Illela da ke zaune a Faransa ya san wannan lissafi: a buga maka waya cewa jikin tsohuwa ya yi tsanani, ka buɗe taswira ka ga gida kusa, amma isowa ta zama aiki.

Tsakanin Paris da Yamai akwai tazarar kimanin kilomita 3,900 ta sama. Jirgin fasinja na gudun kusan kilomita 850 a awa guda, don haka idan aka haɗa da tashi da sauka, awa biyar da rabi ta isa a keta Bahar Rum da hamadar Sahara a sauka filin jirgin Diori Hamani.

Haka abin yake kafin juyin mulkin 26 ga Yulin 2023. A watan Agustan shekarar Air France ya dakatar da zuwa Yamai, a watan Satumba kuma hukumomin Nijar suka haramta wa jiragen Faransa shiga sararin samaniyar ƙasar. Daga nan matafiya suka koma yada zango.

Wanda ya bi Royal Air Maroc ta Kasablanka zai yi kimanin kilomita 4,300, wato ƙarin ba shi da yawa. Wanda ya bi Turkish Airlines ta Istanbul kuwa zai haura kilomita 6,000, domin sai ya nausa gabas kafin ya juyo kudu. Sai dai abin da ya fi cin lokaci shi ne zaman jiran jirgi na biyu, wanda kan ɗauki sa'o'i da dama.

Sauka a Yamai ma ba ita ce isowa ba. Saura kimanin kilomita 420 a kan babbar hanya ta RN1, ta Dosso da Dogon Dutsi, kuma motar bas kan shafe awa shida zuwa bakwai kafin ta shiga Ƙonni. Ma'ana, wannan guntun zangon ya fi tsallaka Sahara cin lokaci. Na Malbaza da Illela kuma da sauran tafiya a gabansu.

Akwai kuma batun agogo. Lokutan da ke jikin tikiti na garin da aka ambata ne. Istanbul na gaban Nijar da awa biyu, Paris kuwa lokacinsu ɗaya da Yamai a hunturu, amma tana gaba da awa ɗaya daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba.

Saboda haka kafin ka saya tikiti don araha, duba tsawon zango da lokacin saukarka a Yamai. Idan ka sauka bayan motocin asuba sun tashi, wataƙila sai ka jira ta gaba ko ka kwana, alhali ana can gida ana duban hanya.