Haɗuwar da Ta Ɓata a Fuskar Agogo

Ƙulun ƙulufit! 'Yan'uwa biyu ne, gidansu ɗaya, hanyarsu ɗaya. Ɗaya dogo mai sauri, ɗaya gajere mai nawa. A kwana ɗaya cur, awa 24, sau nawa dogon ke hawa kan gajeren?

Wani dattijo mai gyaran agogo ne ya jefo mini wannan a bakin kasuwar Tudun Wada, ranar da na ƙetaro daga Ƙofar Doka da agogon bangon gidanmu a hammata. Yana zaune bayan ɗan akwatinsa na gilashi, bai ko ɗago kai ba.

Na ce, "Baba, ai hannuwan agogo ne. Dogon hannu yana zagaye ɗaya kowace awa, dole ya taka gajeren. Sau 24 ke nan."

Ya ce, "Ɗana, sake lale."

Na yi shiru. Wataƙila sha biyun daren farko da na ƙarshe ne na ƙirga sau biyu. Na cire ɗaya, na ce 23. Ya girgiza kai, ya ce har yanzu akwai baƙo a cikin lissafina. Sai zargina ya koma kan agogon kansa: ko batir ne ya yi sanyi, dogon hannu yake jan ƙafa? Dattijo ya ciro batirin ya ajiye gefe, ya ce laifin ba nasa ba ne.

To, na wa ne?

Ya sa yatsa a bayan agogon, ya murɗa, ya tsayar da shi a ƙarfe ɗaya da minti biyar. Ya ce, "Sun haɗu?" Na sunkuya. Dogon hannu yana kan lamba 1 daidai. Gajeren kuwa ba ya nan. Ya ɗan gusa gaba, kamar faɗin tsinken tsintsiya.

Ashe duk lissafina na yi shi ne kamar gajeren hannu zaune yake yana jira a zo a same shi. Ba zaune yake ba. Tafiya yake, a hankali, ba hutu.

Dubi ɗigon mintocin da ke kewaye da fuskar agogo, guda 60 ne. A awa ɗaya dogon hannu yana cinye 60, gajeren yana cin 5. Ratar da dogon ke samu 55 ce kawai, alhali sai ya samu 60 cif kafin ya sake cim ma ɗan'uwansa. Shi ya sa tsakanin haɗuwa da haɗuwa awa ɗaya ba ta isa, sai an ƙara minti 5 da sakan 27 da ɗan ɗoriya. Wannan ɗan bashi shi ya fi burge ni, domin ba ya yafuwa, taruwa yake yi.

Muka bi sawunsu, dattijo yana murɗawa ina rubutawa a bayan kwalin batir. Bayan sha biyu, sai 1:05 da sakan 27. Sai dab da 2:11. Sai 3:16, 4:21, 5:27. A shida ba su haɗu a shida da rabi ba, sai 6:32. Sai 7:38, 8:43, 9:49, 10:54.

Saura ƙarfe sha ɗaya.

Ya rage murɗawa. Sha ɗaya da rabi, dogon yana ƙasa. Saura kwata, ya matso. Saura minti biyar, yana kan lamba 11, gajeren ya riga ya tsere. Saura uku. Saura biyu. Saura ɗaya.

Sha biyu!

Ga haɗuwar da ta ɓata. Bashin minti biyar da 'yan kai ya taru sau 11 ya cika awa guda, ya ture haɗuwar ƙarfe sha ɗaya har ta faɗa kan sha biyu. Daga sha ɗaya zuwa sha biyu babu wata haɗuwa ta daban. A awa 12 dogon ya zagaya sau 12, gajeren sau ɗaya, ka cire ɗayan nan saura 11. Rana 11, dare 11, amsa 22.

Da a zamanin da ne, wannan kacici-kacici ba shi da wurin zama, domin tsofaffin agogunan Turai hannu ɗaya gare su, na awa. Hannun minti bai yaɗu ba sai bayan da Christiaan Huygens na ƙasar Holan ya ƙera agogo mai lilo a 1656, lokaci ya fara tafiya daidai.

Na ce, "Baba, na ba ka gari." Ya ce Kano yake so. Ya mayar da batirin, ya saita agogon da na hannunsa, ya miƙo mini. Ƙarfe goma sha ɗaya da minti ashirin. Na nemi benci na zauna, na ɗora agogon a cinya, ina jiran sha biyu.