Mota da tayarta: Abubuwan da ya kamata ka sani kafin ka hau titin Keffi

Yadda muke auna kamfani

Mai sayen mota a Keffi tambayarsa uku ce: tana shan mai? Ana samun kayan gyaranta? Idan na tashi sayarwa, za ta dawo da kuɗina? Shi ya sa Toyota ta yi kaka-gida, kamar yadda Fijo 504 ta yi bayan da kamfanin PAN ya fara haɗa motoci a Kaduna a 1975. Ma'aunin yana da hankali a ciki, amma bai cika ba. Za ka ga an zo da makanike ya buɗe bonet, ya saurari inji, ya ja sandar auna baƙin mai, ya murza shi a yatsa. Taya kuwa iyakarta a haure ta da ƙafa a ce "tana da rai". Alhali ita kaɗai ce ke taɓa kwalta, daga cunkoson Mararaba har gangaren da ke tsakanin Akwanga da Nasarawa Eggon.

Daga ina tayoyin suke zuwa?

Michelin ta rufe masana'antarta ta Fatakwal a 2007, Dunlop ta bi sawu a Legas a 2008. Tun daga nan kasuwa ta dogara da na waje. Akwai sababbi, akwai kuma 'yan Beljiyam da aka gama aiki da su a Turai, duk da cewa tsofaffin tayoyi suna cikin kayan da Kwastan ta haramta shigowa da su. Wasu 'yan kasuwa kan cusa taya cikin taya don kwantena ta ɗauki da yawa, wayar da ke ciki ta lanƙwashe, kuma ido ba ya ganin wannan lahani. Wasu tayoyin ma na ƙasashen ƙanƙara ne, ba a yi su don zafin Maris ba.

Lamba huɗu a gefen taya

Durƙusa ka nemi rubutun DOT. Lambobi huɗu na ƙarshe su ne haihuwar tayar: 1522 na nufin mako na 15 na shekarar 2022. Hukumar kiyaye haɗurra, FRSC, tana ɗaukar taya ta gama wa'adi idan ta shekara 4 da ƙerawa, ko zanenta bai suɗe ba, domin roba na bushewa ko a ajiye take. Iska kuma, adadin da ya dace yana rubuce a jikin ƙofar direba. Masu faci da yawa hannu ne ma'auninsu, ko geji da ya daɗe da lalacewa. Ƙarancin iska ya fi haɗari a doguwar tafiya: taya takan yi ta lotsewa, ta ɗau zafi, ta ɓare.

Tsadar mota ba ta kare mutum. Ranar 6 ga Maris, 2016, ƙaramin ministan ƙwadago James Ocholi ya rasu tare da matarsa da ɗansa a hanyar Kaduna zuwa Abuja bayan tayar motarsu ta fashe. Allah Ya kiyaye, idan tayarka ta fashe, riƙe sitiyari gam, ɗaga ƙafa daga totur a hankali, kada ka danne birki.

Idan ta fashe, wa za a kama?

A Amurka, ƙorafin direbobi ne ya taru har Firestone ta janye tayoyi miliyan 6.5 a watan Agustan 2000, yawancinsu a kan Ford Explorer. Kamfanonin biyu suka yi ta ɗora wa juna laifi, majalisa ta yi sabuwar doka, mu'amalarsu ta kusan shekara 100 ta yanke a 2001.

A nan kuwa, abin da ke damuna shi ne taya ta fashe, a yi jaje, a jefar da ita a bakin hanya, labarin ya tsaya a tasha. Tsohuwar taya ba ta da garanti. Sabuwa tana da shi, matuƙar ka karɓi rasidi mai ɗauke da sunan tayar, girmanta da lambar shekararta. Da rasidin da tayar da ta fashe za ka koma wurin dila, idan ya ƙi sauraro ka kai ƙara hukumar SON mai kula da ingancin kaya ko FCCPC mai kare haƙƙin masu saye.